Kwanon Yangji

Duk mai ɗaukar kaya a hanyar Comolungma, dutsen da ya fi kowanne tsawo a duniya, ya san Yangji ta ƙauyen Lobuce, kuma yawancinsu sun sha masifarta. Shekara talatin tana riƙe da gidan saukar baƙi a can sama, inda daga ƙofarta zuwa gindin dutsen tafiyar wuni ɗaya ce. Ba ta yi boko ba, ba ta da na'urar auna numfashi. Kwano kawai take dubawa.

Ciwon tsauni ba ya sallama. Mutum zai ji kansa na sarawa, abinci ya fita ransa, ya ɓoye don kunya, ya ƙara hawa, sai dai a sauko da shi a kwando. Haka aka sauko da yayanta tun tana budurwa, kuma har yau tana tuna rabin dankalin da ya bari a kwano. Shi ya sa dokarta ɗaya ce: wanda bai cinye faten dankalinta ba, ba ya wuce ƙofarta ya yi sama. Ta kori Turawa, ta kori likitoci, ta taɓa korar wani babban lama, wato malamin addininsu, da almajiransa, yana sa mata albarka tana nuna masa hanyar gangara.

A kakar bana ɗanta Urken ya dawo, bayan shekara bakwai yana gadin otal a Doha. Ya yi tumbi, ya sayi tabarau. Gyalzen, shugaban masu ja-gora, ya yarda ya gwada shi: in ya kai baƙi takwas gindin dutse lafiya, aikin nasa ne. In ba haka ba, jirgin Doha na nan. Yangji ba ta faɗa wa kowa ba, amma ta gaji da jin muryar ɗanta a waya, tana so ta riƙa jin ta a kicin.

Urken ya makara, don haka ya biyo ayarin Gyalzen da gaggawa, tafiyar kwana shida ya yi ta a uku. Ya iso da hantsi yana haki.

"Ina ka huta a hanya?" in ji ta.

"Haba Ama, a nan fa aka yanke mini cibiya. Ni da dutsen nan mun san juna."

"Ya san wani siriri. Wannan mai tumbin bai taɓa ganinsa ba. Zauna ka ci."

Da rana aka zuba fate. Ta zaga tana leƙen kwanuka kamar mai duba jarrabawa. Na Urken tas, har ƙyalli yake. Daɗi ya kama ta, ta koma kicin tana 'yar waƙa, ta kankare ƙanzon tukunya ta kai wa Kale, baƙin karenta wanda bai taɓa ƙin komai ba, har safar baƙo ya taɓa haɗiyewa. Kale ya shinshina, ya kau da kai. Yana kwance ƙarƙashin bencin Urken, ciki ya yi tim.

Waƙar ta tsaya. Ta ja karen ta ɗaure a waje, ta ciko kwano ta dire gaban ɗanta.

"Tunda ya yi maka daɗi, ga ƙari."

Ya kai cokali ɗaya, ya kai na biyu. Na uku ya tsaya a hanya. Ta cire masa tabarau, ta ga idanun sun kumbura.

"Tun yaushe kan ke ciwo?"

"Jiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ama, don girman iyayenki. Wuni ɗaya ya rage. In na sauka, aikin ya tafi."

Ta sani sarai. Ta san kalma ɗaya za ta faɗa ta mayar da shi bakin ƙofar otal wata shekara bakwai, kuma zuciyarta ta yi mata zafi ƙwarai. Ta dubi Gyalzen, ta ce, "Wannan ba zai hau ba."

"Uwa ce ke kuwa?" in ji Urken.

"Uwa ce. Ɗauki jakarka. Ka sauka Ferice, ka sha romon tafarnuwa, kada in ga ƙeyarka sai kan ya daina."

Gyalzen ya ba wani ja-gora gurbinsa. Urken ya gangara bai waiwayo ba.

Kwana shida Yangji tana masifar da ta fi ta kullum. Ta yi faɗa da shanun yak, ta yi faɗa da murhu. A na bakwai, da rana tsaka, sai ga Urken tafe a hankali kamar tsohuwa, goye da buhun shinkafar wani ayari. Ba tabarau.

"Na haɗu da Gyalzen yana saukowa," ya ce. "Wai shi ma sau biyu kika kore shi yana saurayi. Ya ce in kin bar ni na wuce, in same shi a Namce, zai sake gwada ni."

"Ɗaure karen tukuna."

Da hannunsa ya ɗaure Kale. Ta zuba masa, ta zuba wa kanta, ta zauna tana ƙirga masa loma da ido. Ya share kwano, ya miƙo. Ya share na biyu. Yana tsakiyar na uku ya ɗaga kai, ya leƙa nata. Ko cokali ba ta sa ba.

"Ama, mene ne haka? Tun yaushe kan ke ciwo?"

"Rufe mini baki."

"Doka doka ce. Ɗauki jakarki, Ferice za ki."

Ta ɗaga ludayi za ta ƙwala masa, dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin dariyar. Ta jawo kwanon ta fara ci. Rabonta da cinye kwano tun ranar da ya gangara.