Kambun Inna a Hannun Mutum-mutumina

Jama'a, yau mutum-mutumina ya dambace da rumbunmu!

Kun san tun damina nake haɗa shi da inji da ƙarafa nan Jabo don gasar faɗan mutum-mutumi a Sakkwato. Makaminsa guntun ƙarfen sifirin ɗin mota ne; sitata, wato injin tada tsohuwar motar Baba ta zamanin arzikin man fetur, ke juya shi. Dole nauyin gefe biyu na sifirin ɗin ya zo daidai, in ba haka ba ya haukace.

Da hantsi na fito da shi tsakar gida, na kunna ban duba ba. Sai rawa! Sai tsalle! Ya kwasa ya daki rumbu. Rumbu ya tsage, gero ya zubo, shi kuma ya tarwatse.

Na ɗauko sifirin ɗin, sai ga ƙaton kambu irin na 'yan dambe ɗaure a gefe guda.

Na ce, "Inna, wa ya ɗaura wanga?"

Ta ce, "Ni. Ka ce dambe za shi. Wa ka shiga dambe ba laya? Na kakanka na."

Baba ya dubi rumbu, ya ɗauko ƙwarya ya hau kwasar gero.

Gasa jibi ce. Ina zaune bisa turmi, ko haushi na kasa ji.

Inna ta kwance kambun, ta kakkaɓe, ta ce, "Ka gani? Ko ƙwarzane bai yi ba."