Labulen da Ya Gano Ciwon Malam Isufu

Har yau ban manta da ranar da labule ya fi likitoci huɗu iya aiki ba. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, ina majo a wani ƙaramin asibiti a Zongo. Majo shi ne shugaban ma'aikatan jinya: likita ya rubuta, mu mu yi, in abu ya ɓaci kuma a nemi majo.

Malam Isufu ma'aikaci ne a shagon yadin wani Alhaji. Aikinsa rataye shadda da atamfa a sandunan sama da safe, ya sauko wa masu saye da su, ya mayar, har yamma. Ya zo mana da kukan hannun dama. Ya ce yakan mutu masa, ya yi sanyi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kamar ana tsira musu allura, wani lokaci ciwon ya hau wuya ya gangaro ƙirji.

Mu kuwa muna da tsarinmu. Mara lafiya ya zauna, ya ɗora hannuwa bisa gwiwa cikin ladabi, likita ya yi ta rubutu ba tare da ya ɗago kai ba. A zaune hannun Isufu lafiya lau yake. Da likitanmu ya ji an ambaci ƙirji, ya tura shi wurin likitan zuciya, wanda ya ce zuciya garau, a gwada na ƙashi. Na ƙashi ya sa aka ɗauki hoton wuya, ya ce wannan na likitan jijiya ne. Na jijiya ya ɗaure masa tsintsiyar hannu ya maido mana da shi. Kowa ya duba gonarsa ya ce ba ɓarna. A gida kuma wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya koma kamar rariya.

Wata takwas ana wannan yawo. Alhaji ya gaji, ya ce a kawo takardar asibiti, in ba ciwo Isufu ya nemi wani shago. Likitanmu bai ɓata lokaci ba, ya rubuta cewa ba a ga komai ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ɗauka lalaci ne.

Ranar da Isufu ya zo karɓar takardar, sandar labulen ofishin likita ta zame. Mu kuma in muka ga mai lafiya a asibiti, aiki muke ba shi.

"Bon, Malam Isufu," in ji likita da ɗan Faransancinsa, "tun da ka warke, kuma rataya sana'arka ce, gyara mana wannan."

Bawan Allah ya hau kujera ya ɗaga hannuwa. Ba a yi minti biyu ba sanda ta kuɓuce, labule ya rufto wa likita a ka. Na ruga in tare Isufu, sai na ji hannunsa kamar an tsamo shi daga randa, tafin ya yi fari. Na ce ya bar shi a sama, na nemi bugun jini a tsintsiyar hannu, shiru. Ya sauke, bugu ya dawo.

"Dokta, ku zo ku taɓa," na ce.

Ya fito daga cikin labule yana huci, ya taɓa da kansa. Ya jawo wani ƙaton littafi da muke tokare taga da shi, ya karanto suna mai tsawo da Faransanci. Ma'anarsa dai, akwai ɗan lungu tsakanin ƙashin da ke kwance a gindin wuya da haƙarƙarin farko, inda jijiyoyi da hanyoyin jini ke bi su shiga hannu. In lungun ya matse, ɗaga hannu sai ya shaƙe su. Muka zaro tsohon hoton wuya daga ambulan ɗin Isufu, ga wani ɗan haƙarƙari na ƙari da aka haife shi da shi, yana zaune abinsa wata da watanni yana jiran mai kallo.

"Voilà, dama na yi zargin haka," in ji likita. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don ina da iyali.

Magani ya fi ganowa wuya. Motsa jiki ne wurin kine, masu gyaran gaɓoɓi, na tsawon watanni, ba tabbas. Tiyata kuma masu yinta kaɗan ne, tana da haɗari. Babban sharaɗi shi ne kada ya riƙa ɗaga hannu sama da kafaɗa. Alhaji ya karanta sabuwar takardar da likita ya rubuta, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya sallame shi. Da ciwo da ba ciwo, ƙofa ɗaya aka nuna masa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na je har gidansa in ba shi haƙuri. Na same shi ya sa takardar a leda yana nuna wa maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

"Majo, aiki Allah ke bayarwa," ya ce. "Amma wata takwas har uwar 'ya'yana kallon maƙaryaci take yi mini. Jiya ita ta ɗaura mini igiyar wando."

Ku da kuke sababbi a aikin nan, in mutum ya ce abu kaza ke tayar masa da ciwo, ku ajiye biro ku sa ya yi abin a gabanku. Kalmar "ba komai" ba ta da wuyar rubutawa, amma shi da ita zai shiga gidansa.