Keken Gidan Burodi

A layinmu kowa Direba yake ce masa, alhali rabonsa da sitiyari shekara goma sha tara ke nan. Faci yake yi a wata rumfar kwano kusa da mararraba, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da bahon ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tiyub a ciki don ya ga inda iska ke fita. Shagon ɗinkina yana jikin rumfarsa, shi ya sa na san abin da ba kowa ya sani ba. Mutum ne mai barkwanci. Idan mai mota ya cika ƙorafin jira, sai ya ce masa ai tayar ma ta yi haƙuri da shi har ta gaji. Amma ko taku biyu aka ce ya matsar da mota, sai ya miƙa wa wani makullin.

Da can babbar bas yake ja, mai kai ma'aikata wurin aiki da safe. Wata rana yana karya kwana, wani yaro mai raba burodi a keke ya shigo ta gefensa, daidai inda madubi ba ya nunawa. Bai gan shi ba. Ji kawai ya yi bayan motar ya ɗaga ya sauka. Aka yi bincike, shaidu suka ce ba laifinsa ba ne, aka sallame shi. Ya ajiye makulli a ofis ya koma gida a ƙafa. Ya taɓa gaya mini cewa ba kukan mutane ke dawo masa ba, tayar keken ce ta gaba, tana ta juyawa a sama ita kaɗai bayan komai ya tsaya.

'Ya'yansa ba su san wannan ba. Ciwon baya aka ce musu ya raba shi da tuƙi.

Bara, da aka yi dogon hutu, autansa ɗan shekara goma sha shida ya shigo gida baki har kunne, wai mai gidan burodin bayan kasuwa ya ɗauke shi aiki. Direba ya sa masa albarka, a zatonsa kwaɓa fulawa zai yi, ko ƙulla burodi a leda. Washegari sai ga Auta ya turo keke tsakar gida, da akwatin katako ɗaure a bayansa. Uwar yaron ta ce mini a lokacin maigidan yana wanke hannu ne, bai daina zuba ruwan ba sai da butar ta ƙare.

Ya ce bai yarda ba. Auta ya tambayi dalili, uban ya sake cewa bai yarda ba kawai. Da suka keɓe, uwar ta ce masa yaron nan da ƙafarsa ya je ya nemi aikin, ba a hana ɗa abin kirki da baki a rufe, ko dai ya gaya masa gaskiya ko ya bar shi. Direba ya zaɓi ya bar shi. Amma sai da ya kwance keken nan kaf a rumfarsa. Ya canza birki, ya ɗaure sarƙa, ya sa ƙararrawa biyu, ya liƙa jan leda mai sheƙi gaba da baya. Auta ya yi ta dariya, ya ce saura jiniya kawai keken ya zama motar 'yan kwana-kwana.

Sau uku hanyar rabon ke biyowa da yaron ta mararrabarmu kafin hantsi. Na ga yadda mutumin nan ya koma. Da lokaci ya kusa, sai hannunsa ya tsaya cikin bahon, idonsa na kan titi. Auta zai wuce yana kaɗa ƙararrawa, ya ɗaga masa hannu, shi kuwa sai ya daka masa tsawa ya riƙe keken da hannu biyu. Barkwancin ya ɗauke. Ya rame har sai da na rage masa ƙugun wando.

A mako na uku, wata safiya lokaci ya wuce Auta bai biyo ba. Can ƙasan titi muka hango mutane sun taru. Direba ya miƙe, amma ya kasa gudu, tafiya yake kamar mai ratsa kogi. Ashe buhunan siminti ne suka zubo daga wata mota. Muna dawowa sai ga Auta yana turo keke, hannu duk baƙin mai, sarƙa ce ta zame masa.

Bai yi masa faɗa ba. Ya jira Auta ya gama rabo, ya ce in rufe shago in raka su. Muka je garejin wani tsohon abokin aikinsa, inda wata matacciyar bas take zaune a kan duwatsu. Ya sa Auta ya hau kujerar direba, ya ce ya kalli madubin gefe kada ya waiwaya. Shi kuma ya kama keken ya fara turowa daga baya, a jikin motar.

"Kana ganina?"

"Ina ganinka, Baba."

Ya ƙara taku huɗu. "Yanzu fa?"

Yaron ya leƙa, ya gyara zama, ya sake leƙawa. "Baba, ina ka shiga?"

Direba bai matsa daga wurin ba. Yana tsaye dab da tayar baya, ya riƙe keken gam, yana kallon tayar da ta kai masa ƙugu. Shekara goma sha tara daga sama yake ganin abin, ranar ce ya fara tsayawa a ƙasa. Daga nan inda yake, ɗansa ba ya ganinsa, ya ba shi labarin tun daga farko. Auta bai sauko ba sai da ya gama. Da ya sauko, abu ɗaya ya tambaya, shekarun yaron nawa. Uban ya ce sa'ansa ne.

Auta bai bar aikin ba, uban ma bai ce ya bari ba. Sai dai daga ranar, idan ya iso mararraba yakan sauka ya tura keken har ya tsallaka, abokansa na tsokanarsa wai tsoho. Hutu ya ƙare lafiya, ya mayar da keken, ya koma makaranta tafin hannunsa duk ya yi kanta.

Na zaci hankalin Direba zai kwanta. Ya kwanta, amma ba duka ba. Ya ce mini da can yaro yake tunawa, yanzu kuwa lissafi yake yi, da yaron da ya taka yana raye da ya kai talatin da biyar, da wataƙila yana da nasa iyalin. Makon jiya wani magidanci mai kamar waɗannan shekarun ya kawo facin babur, da 'yar ƙaramar 'yarsa a gaba tana cin gyaɗa. Direba ya tsura musu ido har mutumin ya tsargu.

"Baba, ka san ni ne?"

Ya ce a'a. Ya jawo wa yarinyar benci ya ce ta zauna a inuwa, nesa da titi, sannan ya durƙusa ya fara kwance tayar.