Ƙullin Zare da Kwana Tara

Shekarun baya, duk wanda ya leƙa ɗakin ajiyar takardu na ƙungiyar manoman rani a nan Wurno, magana ɗaya yake yi: ba a haifi wanda zai warware wannan tulin ba, sai wanda ya tara shi. Ni ne na tara shi. Shekara talatin da ɗoriya ina akawun ƙungiyar, kuma kowace takardar rabon fili da hannuna na rubuta ta, da alƙalami da tawada, yadda aka hore mu tun muna elementare. Ko bayan na yi ritaya, in rigima ta tashi kan gona, a ƙofata ake sallama. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan sallamar.

Ina da aboki mutumin Goronyo, benci ɗaya muka zauna a makaranta. Shi a aji huɗu ya ajiye karatu ya koma noman albasa, har ake masa laƙabi da Sarkin Albasa, ni na zarce. Sai dai 'ya'yana duk kasuwa suka bi, babu wanda ya taka jami'a. Wata rana ya zo mini da fara'a, ya ce ɗiyarsa tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta kimiyyar bayanai. Na tambaye shi mi ke nan kuma. Ya ce, "Aikinka na, Akawu, sai dai ita digiri za a ba ta." Na ce masa tun da Sarkin Albasa ya san digiri, lalle zamani ya juya. Muka yi dariya, amma tawa ba ta wuce haƙora ba.

Aikin kammala karatunta shi ne ta tsara takardun wannan ɗakin, ta shigar da su kwamfuta. Ta zo har zaurena, ta durƙusa ta gaishe ni, ta roƙi in bayyana mata yadda na jera su. Na ce mata tsufa ya ci ƙarfina, na manta. Ban manta komi ba. Ni ban taɓa jera takarda bisa suna ba, domin a ƙauye ɗaya sai ka samu mutum biyar sunansu ɗaya, sunan uba ɗaya. Na jera su ne bisa ƙofar ruwan da ke shayar da kowane fili daga babbar magudana. Kowane ƙunshi na ɗaure shi da zare, kuma yawan ƙullin da ke jikin zaren shi ne lambar ƙofar.

Na zauna ina jiran ta gaza. Ba ta gaza ba. Cikin mako uku ta gano ma'anar ƙullin da kanta, abin da mataimakana ba su lura da shi ba a tsawon zamansu da ni. Da labarin ya iske ni, ranar ban ci tuwo da daɗi ba.

Abu ɗaya ne ba ta da hanyar sani. Ta ƙirga ƙofofin daga sama, inda ruwa ke shigowa, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Ni kuwa daga ƙasa nake ƙirga, don kawai ƙofar ƙasa ce kekena ke fara iskewa in na fito daga gida. Yawancin manoma sun san filayensu, ba su damu da jerinta ba. Amma wani mutumin Magarya da ya daɗe a kudu ya dawo neman filin da aka taɓa ba shi, sai jerin ya nuna masa gonar wani dattijo mai irin sunansa. Takardar dattijon ta gida, gara ta cinye. Shugabannin ƙungiya suka hana su duka biyun shiga gonar sai an tantance, ga shi irin albasar dattijon ya isa dashe, kuma ba shi da wata gona.

Tun ranar farko na san inda kuskuren yake. Na sa babbar riga na zauna a zaure, ina jiran a aiko. Babu wanda ya zo; kowa ya ce ai yanzu na'ura ake tambaya. Kwana tara ina wannan zaman. A na taran muka haɗu da dattijon bayan La'asar. Bai roƙe ni komi ba, ya ce mini kawai irin ya fara rawaya, yana ba shi ruwa da bokiti.

Washegari na tafi ɗakin takardun. Ɗiyar abokina ta miƙe ta ba ni kujera, idanunta sun yi ja, ta ce, "Baba, mi na ɓata?"

Na ce, "Ba ki ɓata komi ba, ɗiyata. Ta ina za ki san inda kekena ke biyowa?"

Na yi mata bayani. Ta taɓa na'urar, kafin in gyara zama jerin ya juya, kowa ya koma ƙofarsa. Dattijon ya yi dashe, amma a makare, kuma albasarsa ta wannan shekarar ba ta yi girma ba.

Ta kammala karatunta, kuma ta cancanta. Abokina har yau yana ba da labarin a kasuwar Goronyo, ba ya ambaton keke. Ni kuwa in na ce kishin ya bar ni, na yi ƙarya. Duk lokacin da na ji an ce a tambayi ɗiyar Sarkin Albasa, sai in kawo wani zance. Abin da na fahimta shi ne, ita an koya mata ta tsara ilimi yadda wanda bai san ta ba zai same shi, ni kuwa na tsara nawa yadda sai an neme ni.

Na yi rayuwata ina sa wa takardun mutane kwanan wata, don haka ina so a sa wa wannan ma. A rubuta: Talatar farko bayan Mauludi, shekarar da na cika saba'in, ita ce ranar da na buɗe bakina. Kwana taran da suka gabace ta kuwa, a rubuta su da sunana, ba da nata ba.