Tafiyar da Ke Rage Tsufa

Ni da ɗan'uwana tagwaye ne, kuma Inna ba ta taɓa yarda wani abu ya bambanta mu ba. In ta yanka mini atamfa, shi ma ranar za ta yanka masa yadi. Ko tsire aka kawo gida, sai ta auna da ido kafin ta miƙa mana. Ta yi imani in aka fifita ɗaya, ɗayan zai yi fushi ya koma inda ya fito.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, shi ya daɗe da barin lakwal, ya aje boko. Ya gama wahalar yaron mota, ya iya tuƙi, har wani ɗan kasuwa a nan Gaya ya ce zai ba shi kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa ɗauko kaya daga Kwatano. Sharaɗinsa ɗaya, amincewar Inna, kuma ta riga ta amince.

A makon ne malaminmu na fizik ya ba mu misalin tagwaye. Ya ce lokaci ba ya tafiya daidai ga kowa, mai gudu agogonsa na jinkiri. In ɗaya ya yi tafiya mai tsananin sauri ya dawo, zai iske na gida ya fi shi tsufa. Abin ya burge ni ƙwarai. Da yamma muna tsince shinkafa na kwashe duka na faɗa wa Inna, har da zane a ƙasa.

Ta ajiye faifai. "To ke nan ke za ki tsufa ki bar shi?"

Washegari ta ce babu inda zai je. Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa gudun da ake nufi irin na haske ne, ba na mota ba. Ta ce kaɗan dai ai ba babu ba ne, ko ƙarya malamin ya yi? Ni kuwa da taurin kaina na kasa cewa ƙarya ne, don ba ƙarya ba ne. Ɗan'uwana ya daina yi mini magana. Ɗan kasuwar kuma ya aiko cewa akwai masu jiran motar. Tsoro ya kama ni sosai, don na san irin wuyar da ya sha kafin ya kai nan.

Ran kasuwar Malanbil, da ke tsallaken iyaka, na raka Inna sayen albasa. Kafin gada muka tarar da layin kamiyoyi suna jiran duwan, wato kwastan, tun daga inda ido ke iya kaiwa. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci suna dafa shayi, wani ma ya shanya wankinsa a jikin madubi. Muka wuce su da ƙafa, muka yi cefanenmu, muka dawo. Ko ɗaya ba ta gusa ba.

Inna ta tsaya ta tambayi wani direba mai furfura yaushe ya zo.

"Wallahi Hajiya, na ma daina ƙirge."

Ta dube ni ta gefen ido. "Waɗannan ne masu gudun naki?"

"Su ne, Inna."

Ta yi dariya har sai da ta dafa kwandon da ke kanta. Ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Muna shiga gida ta kira ɗan'uwana. "Je ka karɓi motarka. In dai haka ake tafiyar, kai ne ma za ka riga ta furfura."