Muniru da Tandar Maraɗi

Faɗanmu na farko da Muniru a kan tanda ne. Na shiga kicin na tarar da shi ya kife mini tandar wainar da na taho da ita daga Maraɗi, yana auna ramukanta da wani ƙarfe mai baki kamar na kada.

Na ce, "Kai ɗan nan, gadonka ce?"

Ya ce, "Inna, ramukan ba su yi daidai ba."

"Kai ɗin daidai kake?"

Ɗan maƙwabciyata ne a unguwar Parkchester, nan ƙasar waje. Tabarau da bel yake sayarwa a bakin titi, amma komai ya gani sai ya kwance shi. Ashe lallaɓa ni ya zo yi. Ni ce uwar adashe, shi kuma kwasar farko yake so, ya shiga makarantar ƙira, inda ake koyon yin ƙarfen da inji ke buga kaya da shi, kamar yadda tanda ke fitar da waina.

Makarantu biyu ya samo. Ɗaya mai tsada ce, sai an haɗa da bashin banki, an bar sana'a. Ɗayar ta yamma ce, da rana kana aiki a maƙera ana ba ka ɗan abin sawa a baki. Shi mai tsadar yake so, wai ya ga hoton ɗalibanta duk suna murmushi.

Na ce, "Amarya ma tana murmushi a hoto. Bincike za a yi, irin na aure. Nemo wanda ya gama nan da wanda ya gama can, ka je musu gaisuwa daidai lokacin abinci. Kada ka tambayi albashi, namiji ba ya faɗin gaskiyarsa. Miya za ka duba."

Ya tafi yana gunaguni. Da ya dawo sai ya ce:

"Inna, ashe maƙera ɗaya suke aiki, injinsu ma kusa da kusa."

"Miyar fa?"

"Gidan Abdulai na makarantar yamma har da ƙafar saniya. Ɗaya gidan kuwa na yi ta lalube, sai albasa."

"To, naman yana banki."

Na ba shi kwasar, ya shiga ta yamma, da rana yana aiki a maƙerar kayan jirgin sama. Yanzu hannunsa duk kanta, ya bar wa ƙanensa teburin tabarau. Da ƙaramar Sallah ya kawo mini tandar ƙarfe ƙirar hannunsa, ramuka kamar tagwaye, waina na fita ba gardama. Ban yaba ba, kada kansa ya kumbura.

Jiya na ji Adjara, mai wainar layin baya da muke takarar masu saye, tana yi masa kirari a bakin lif ɗin benenmu. Na jira ya hawo, na tare shi a ƙofa.

Na ce, "Muniru, ka ƙera wa jirgin sama duk abin da yake so. Amma ranar da na ga irin tandata a wurin Adjara, har maƙerar zan biyo ka da muciya."