Hannun Adda a Jikin Ganyen Masara

Yau shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Adda Hauwa. Kowace shekara nakan zauna in rubuta wani abu a kanta, sai in ji babu abin da ke motsi a raina, in tashi. Bana ma ba wai na sauya ba ne. Na dai samu abin faɗa.

Adda ma'aikaciyar laburare ce a jami'ar da nake koyar da darasin ƙwari da cututtukan amfanin gona, nan Gombe. Ita ke kula da ɓangaren littattafan noma, kuma babu abin da ke ɓata mata rai kamar hotunan cikinsu, duk ganyayen ƙasashen da ɗalibanmu ba su taɓa takawa ba. Takan ce, "Dakta, ɗalibin da ya tashi cikin wake da masara za ka nuna wa ganyen da ko kakansa bai sani ba?" Daktan nan tsokana ce, don ita ta goye ni.

Sai ta ɗora wa kanta aikin da ba wanda ya sa ta. Duk Asabar da damina takan hau keke daga Tudun Wada zuwa gonakin bayan gari, ta ɗauko hoton masarar da tsutsa ta ci, ko waken da ya lalace, ko gyaɗa mai tabo. Ran Litinin ta zuba su a kwamfutar laburare, kowanne da sunansa da Hausa da Turanci, mu malamai mu ɗauka mu haska wa ɗalibai a majigi. A kowane hoto akwai hannunta na hagu riƙe da ganyen, babban yatsa daf da tabon, wani da jan lalle, wani lallen ya koɗe. Na sha ce mata tallan lalle take yi. Ba ta taɓa tanka mini ba, sai harara.

Bayan ta rasu na ci gaba da koyarwa da hotunan. Abokan aiki suna zaton abin yana sosa mini rai. Gaskiya ba na jin komai. Ina nuna tabo da sanda, ina bayani, hannun yana gefe kamar na kowa.

Bara aka ce za a mayar da hotunan kan sabon shafin intanet don ɗalibai su riƙa buɗewa a wayoyinsu. Da Adda tana raye da ta yi murna, ita da ta sha tare ni a kan yawan ɗaliban da ke layin kwamfuta ɗaya. Malama Rifkatu, wadda ta gaji kujerarta, ta same ni a ofis. Ta ce, "Dakta, akwai manhajar da ke goge duk abin da ke kewaye da ganye, hoto ya fito tsaf. Amma hannun Adda ne, shi ya sa na ce sai na ji ta bakinka." Na ce ta goge. Ko ɗaga kai ban yi ba daga takardun da nake dubawa.

Hotuna suka fito fes, ganye a kan farin fili. Da daminar bana na kai 'yan aji uku gonar gwaji, na ce su nemo mini ƙwan tsutsar masara. Suka bi kunya-kunya kusan awa guda, suka dawo hannu wofi. Wata ɗaliba ta ce, "Sa, wallahi babu, mun duba ko'ina." Na juya ganyen da ke gogar gwiwarta, ga su nan manne. Ta yi sororo, ta ce ita ta ɗauka kowane ƙwai ya kai ƙwayar wake, domin a hoto haka yake cika mata fuskar waya. Alhali tarin gaba ɗaya bai kai farce ba. Waɗannan su ne gobe za su tsaya a gonar manomi su ce masa babu komai, ya koma gida hankali kwance, tsutsa ta cinye masa shuka.

A nan tsaye na gane abin da hararar Adda ke nufi. Yatsan nan shi ne ma'auni. Ni mai digirin ban gani ba, sai da na sa aka cire.

Washegari na je wurin Malama Rifkatu, na tambaye ta ko akwai sauran na asali. Ta dube ni, ta ce, "Duk suna nan, Dakta. Ka ce in goge, amma zuciyata ba ta ba ni ba, sai na ajiye su gefe." Adda ba 'yar uwarta ba ce, ba su haɗa komai ba sai ofis. Ni da muka fito ciki ɗaya ne na ce a goge. Na ji kunya, kuma na daɗe ban ji wani abu sosai haka ba.

An mayar da hotunan yadda suke. Adda ba ta bar littafi da sunanta ba, babu ɗakin da aka raɗa wa sunanta. Abin da ta bari shi ne ɗalibaina yanzu ba sa ɗaukar hoton ganye sai sun sa yatsa a gefe. Allah ya jiƙanta, ya sa wannan ya zame mata sadaka mai gudana.

Makon jiya ina tsakiyar darasi wani ɗalibi daga baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Sa, wai hannun waye wannan?" Na juya na dubi allon. Lallen ya fara koɗewa, akwai ƙasa a ƙarƙashin farcen. Na buɗe baki in ce na yayata ne, sai na tsinci kaina ina goge ido. Aji yana jirana.